Saniyar Tatsa Mai Harbi

Da na karɓi garatutina, abokai suka ce in zuba a gidan haya, wai saniyar tatsa ce da ba ta cin dusa, kana kwance nono na zuba. Na gina ciki da falo guda huɗu a Sheka. Ba wanda ya gaya mini saniyar tana harbi, kuma kowace ƙafa da irin nata.

Kafin ka ga ɗan haya sai ka ga dillali. Wannan bawan Allah bai taɓa ganin mummunan gida ba. In ya ce wa mai nema "ruwa ba ya yankewa a gidan nan," gaskiya ya faɗa, sai dai a watan Agusta ne, kuma ta silin yake saukowa. La'adarsa kashi 10 cikin 100 ce, amma ranar biya mutum biyar za ka gani a ƙofar gida: wanda ya san gidan, wanda ya ji labarinsa, wanda ya ba da lambar waya, mai babur ɗin da ya kawo su, da wani dattijo da har yau ban gane aikinsa ba. Shi ne dai ya shafa fatiha.

Cikin 'yan haya, babbansu shi ne Malam Ana-Sa-Rai. Shekarar farko kuɗinsa cas, har da goro. Daga ta biyu sai gaisuwa ta tsawaita. "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya? Ya Hajiya? Ya ƙafar nan taka?" Kafin ka buɗe baki ya gaya maka takardar kwangilarsa tana kan teburin Akanta Janar, sa hannu ɗaya ya rage. Hannun nan shekara biyu ke nan yana sama bai sauko ba. Ka je wajen lauya, ya ce ɗan hayar shekara sai an ba shi notis na wata shida. Malam ya fi lauyan sanin haka. Ya karɓi takardar da hannu biyu, ya yi maka addu'ar gamawa da duniya lafiya, ya koma ciki ya kunna fanka.

Sai ango mai cewa "ni da iyalina ne kawai." Iyalin nan kamar ƙullin yis yake. Wata uku an kawo ƙanwar amarya tayin zama, sai ƙanin ango mai neman gurbi a Jami'ar Bayero, sai inna da ta zo wankan jego ta ga garin ya karɓe ta. Ba za ka san adadinsu ba sai ranar da sokawe ya cika, mai motar kwasa ya faɗi kuɗinsa.

Akwai Injiniya. Bai yi makarantar komai ba, amma yana da guduma. Ya fasa bango ya sa taga, ya mayar da kicin shago, sannan ya kawo maka lissafi a cire daga haya. Shi ne kuma mai tsallake mita da 'yar wayarsa. Ranar da ma'aikatan KEDCO suka zo da tsani yana Kaduna ta'aziyya, takardar tara kuwa sunanka ke kanta.

Duk waɗannan da sauƙi in an haɗa su da ɗan uwa. Ɗan yayarka ne, ya zo da kansa a sunkuye: "Kawu, kafin in ɗan farfaɗo." Ba rasit, ba shaida, don kunya ba ta bari a rubuta komai tsakanin kawu da ɗa. Bayan shekara uku ka yi masa hannunka mai sanda, washegari yayarka ta kira tana kuka, wai abin duniya ya sa za ka yanke zumunci. A taron suna ka ga ana yi maka kallon Fir'auna. Shi kuma ya sayi sabon babur, in kun haɗu ya ɗaga maka hannu, wani lokacin har ya rage maka hanya zuwa gidan da ba ya biya.

Na gari ma akwai shi: ya biya kafin wa'adi, ya share kwata, ya gyara famfo da kuɗinsa. Kada ka saki jiki. Yana can yana ɗora bulo a filinsa na Rijiyar Zaki, baɗi zai kawo maka mukulli.

Kada a ce na kare 'yan ajinmu, mu ma masu gidaje akwai gwanaye. Akwai Alhaji Siminti-Ya-Tashi. Da buhu ya kai naira 10,000 a farkon 2024 ya ninka haya, alhali gidan tun mulkin Shagari rabonsa da ganin cokalin magini. Ka ce masa rufi na yoyo, ya ce ai damina ta kusa wucewa. Ya manta wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai mai zama cikin gidan tare da 'yan haya, yana ƙirga bokitin da aka ja a rijiya, yana shinshina tukunya. Ranar da ya ji ƙamshin kaza sau biyu a mako, ka shirya wa ƙari. Gidan gado kuwa masu gida tara gare shi. Kowanne zai zo karɓar haya a ɓoye, amma ranar da katanga ta faɗi duk su ce Yaya Babba ne wakili, shi kuma yana Legas.

Yanzu haka ɗaya daga cikin huɗun nan nawa babu kowa, na sake fenti, sokawe ma an kwashe. Mai so ya zo da kuɗin shekara da shaidu biyu. In kuwa muna da dangantaka ko ta nesa ce, don Allah ya nemi wani gidan.