Ilimin Ɗanɗano a Kasuwannin Kano

Zagaya kasuwannin abinci na Kano da ƙafa yana da ƙa'idoji, kuma babbarsu ita ce ɗanɗano.

A 'Yan Lemo da ke hanyar Zariya ake ɗaukar darasin farko. Mai kankana yakan yanko ɗan tsagi ya ce, "Alhaji, taɓa ka ji." Ƙwararre ba ya nuna jin daɗi. Yakan tauna a hankali, ya ɗaure fuska, ya dubi sama, sannan ya ce bari ya ji ta maƙwabci. Rumfa goma a jere sun isa karin kumallo.

Dawanau, a hanyar Katsina, ta fi wuyar sha'ani, domin kasuwar hatsi ce. Duk da haka mai zagaye yakan ɗebi riɗi ko gyaɗa ya watsa a baki, wai yana duba bushewa. Wanda bai taɓa sayen ko mudu ɗaya ba ya fi kowa damuwa da bushewa.

A 'Yankaba wannan fanni yake tsayawa. Kayan miya ne zalla. Mai attaruhu yakan miƙo ɗaya da fara'a ya ce a taɓa. A nan kowa yakan yarda da maganar mai kaya.