An Turo Min, Ni Ma Na Tura

A da, idan labari zai shigo Gombe, sai ya yi sallama. Ko dai ya iso da asuba ta akwatin rediyo, a muryar BBC Hausa da ke magana tun 1957, ko ya sauko daga mota a Tashar Bauchi, ko gidan rediyon jiha ya karanta shi bayan an sa hannu. Yanzu ta katanga yake haurowa da tsakar dare, ya tarar da maigida kwance da waya a ƙirji.

Kowace unguwa ta samu editanta, daga Jekadafari har Tumfure. Galibi dattijo ne mai ritaya, mai tabarau a kan karan hanci, wanda bai taɓa karanta saƙo har ƙarshe ba, amma kafin ya yi alwala ya watsa shi a zauren WhatsApp na dangi, da na tsofaffin ɗalibai, da na 'yan adashi. Idan aka tambaye shi ina ya samo, amsarsa ɗaya ce: "Ni ma turo min aka yi." A wurinsa wannan ta wuce kowace hujja.

Editocin nan suna da tarihi. A Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya ƙasar nan cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. Kafin gari ya waye an tayar da yara da tsofaffi an jiƙa su, wasu suka kwana a asibiti, wasu ma suka rasa rai. A Disambar 2018 sai da marigayi Shugaba Buhari ya tsaya a ƙasar Folan yana tabbatar wa jama'a cewa shi ne shi, ba wani Jibrin daga Sudan ba. Da kamfanin WhatsApp ya gaji, a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda. Dattijonmu bai ga abin damuwa ba: ya tura biyar, ya gyara zama, ya sake tura biyar.

Kuma garin da ya haifi Sheikh Isa Ali Pantami, ministan sadarwa daga 2019 zuwa 2023, ai ba a gaya masa darajar layin waya. Da aka ce a Disambar 2020 kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN ko a rufe, mutanen da ba sa samun sahun farko a masallaci su ne suka riƙa yin sammako a layin rajista.

A coci ma wayar ta samu kujerar gaba. Korona ce ta buɗe mata ƙofa a 2020, lokacin da aka taƙaita taruka, majami'u suka koma watsa sujada kai tsaye ta Facebook. Cutar ta tafi, ɗabi'ar ta zauna. Har yau akwai ɗan'uwan da ke yin sujadar Lahadi daga kan katifa, yana rubuta "Amin" da yatsa ɗaya, ɗaya hannun na cikin kwanon ƙosai. Wanda ya daure ya je kuwa, Littafi Mai Tsarkinsa na cikin waya. Fasto ya ce a buɗe Ishaya, kowa ya sunkuya, Allah kaɗai ya san wa ke cikin Ishaya, wa ke duba yadda aka tashi wasan Arsenal. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya ƙarasa sauran: lambar akawun ta hau bango, jakar baiko ta fara dawowa shafal, marowaci kuma ya samu uzurin da babu dattijon coci da zai iya ƙaryatawa, wato "na tura, sabis ne ya riƙe." Su kuwa 'yan zumuntar mata, ba a gama waƙa ba sai an duba ko kowa ta fito a hoto da ankonta.

Kada maƙwabta su yi dariya da yawa. A wurin tafsirin azumi, wayoyin da aka jera gaban malam sun fi littattafansa yawa. Ya yi sa'a biyu yana bayani, wani yaro ya yanko daƙiƙa talatin, daidai inda ya ɗaga murya, ya sa wa bidiyon suna "Malam ya fasa ƙwai." Washegari raddi, jibi raddin raddi. Abin da ya fi ban dariya shi ne saƙon "tura wa mutum goma ka ga abin mamaki" yana yawo a ɓangarorin biyu, ba a canza komai a cikinsa sai gaisuwar farko.

Zumunci ne ya fi shan wuya. Mutum ya cika, ba a kai ga kiran 'yarsa da ke aure a Kaltungo ba, sai ta ga hoton mahaifinta a shafin wani maƙwabci mai son ya riga kowa. Ta'aziyya ta koma hoton hannaye biyu a haɗe. Ranar hawan Sallah, Mai Martaba Sarkin Gombe na wucewa a gaban mutum, dawakai na tashin ƙura, shi kuwa ya zuba wa gilashin wayarsa ido, sai ya koma gida ya kalli abin da ya faru a gabansa. Amarya kuma ba ta shiga ɗaki ba, lefenta ya riga ya zagaya TikTok, har an ƙirga atamfofin an ce sun yi kaɗan.

Mai karatu, idan wannan rubutu ya iso gare ka ta zauren dangi, babu kyautar data a ƙarshensa, babu kujerar Umara, kuma babu abin da zai same ka idan ba ka tura wa kowa ba.