Saƙon Murya a Ƙasar Madarunfa

Saƙon murya, wanda samarin fada ke kira bokal, magana ce da mutum ke naɗa a salula ya aika wa wani ta WhatsApp, ba tare da ya ba shi damar katse shi ba. Kamfanin ya fito da shi a 2013, da zaton mutane za su riƙa faɗin abin da ya kawo su cikin daƙiƙa goma su kama gabansu. Wanda ya yi wannan lissafi bai taɓa jin Bahaushe yana gaisuwa ba.

A ƙasar Madarunfa asalin abin ya girmi salula. Dā can ɗan ci-rani da ya tafi Legas ko Abijan ko Libiya yakan sayi kaset ya cika fuska biyu da magana, ya danƙa wa mai komawa gida. Bayan sallar lisha sai a taru a tsakar gida, a sa wa rakoda sabon batir, a kasa kunne. Fuskar farko duk gaisuwa ce, a ta biyu ake sanin ko ya haɗo da wani abu a ambulan. Da wayar hannu ta iso Nijar a farkon shekarun 2000 sai ta zo da mugun hali, tana ƙirga magana. Kiredin dala ashirin yakan ƙare tsakanin "ina kwana" da "ina gajiya". Shekara da shekaru aka yi ana gaisawa a guje, kamar mai tsallake Gulbin Maraɗi da damina. A zamanin ne aka ƙirƙiro bif: mutum ya kira, waya ta yi ƙara sau ɗaya, ya kashe, ya zauna jiran wanda Allah ya fi hore wa. Saƙon murya ne ya maido wa gaisuwa haƙƙinta, har da ramuwar bashin shekarun baya.

Cikakken saƙo yana farawa da sallama, sai mai magana ya faɗi sunansa da na ubansa, ko da yake sunan da hotonsa suna nan ɓaro-ɓaro a fuskar waya. Daga nan ya shiga gaisuwa: kwana, gajiya, gida, yara, zafi ko sanyi, ruwan bana, yadda hatsi ya yi, ƙafar Inna. Tun da babu mai amsawa, shi ne ke amsa wa kansa: "To madalla, lahiya lau, haka ake so." Wani ma yakan ɗan dakata bayan kowace tambaya, don ya bar wa amsar gurbinta. Sai an ci minti huɗu za a ji ya gyara murya ya ce, "Dama, Alhaji, ba wani abu ba ne." Masana sun san daga nan wani abun ya fara. Shi kansa abin, galibi rancen jika biyar zuwa kaka, ba ya wuce daƙiƙa takwas, kuma murya na yin ƙasa a daidai wurin, har sai mai saurare ya mayar baya sau biyu.

Bayan muryar akwai wani saƙo na biyu wanda mai aikawa bai san ya aika ba. Ana jin carar zakara, da lugude, da kabu-kabu, da injin ban-ruwa in daga lambunan Jiratawa ne, da waƙar Ado Gwanja ko Hamisu Breaker daga shagon mai caji. Da wannan ake kama maƙaryaci. Mutum ya rantse yana Maraɗi kan wata hidima, alhali kwaɗin bakin tabki suna ta ba da shaida a bayansa.

Ire-irensa suna da yawa. Akwai na ta'aziyya da na gayyatar suna, waɗanda ba su da laifi. Akwai na wata murya da ba wanda ya san mai ita, tana bayanin saiwar da ke maganin basir da hawan jini da talauci lokaci guda, ta rufe da roƙon a tura wa mutum goma. Akwai wanda aljihu ke aikawa da kansa, minti tara na ƙarar tafiya da cinikin tattasai. Mafi haɗari shi ne na gulma da ya ɓata hanya ya faɗa zauren dangi. Tun 2017 ana iya goge saƙo daga wayar kowa, amma yakan bar tabo mai cewa an goge wani abu, kuma tabon kan jawo tambayoyin da suka fi saƙon tsawo.

Sauraro kuma a bainar jama'a ake yin sa. A fada ana ajiye wayar kusa da butar shayi a ƙure murya, kowa ya ji, mai dafa shayi ya yi sharhi. A 2021 aka ƙaro maɓallin da ke hanzarta murya ninki ɗaya da rabi ko ninki biyu, wanda ke mayar da dattijo mai natsuwa kamar mai fassarar fim ɗin Indiya. Har yau fadoji ba su daidaita kan ko ya halatta a yi wa suruki haka ba. Masu sassauci sun ce a hanzarta gaisuwar, a dawo daidai in an zo kan magana. Masu tsauri sun ce ai gaisuwar ita ce maganar.

Matsalar mai bashi ita ce ƴar alamar da ke komawa shuɗiya da zarar ya saurara. Don haka uzuri biyu suka yi kasuwa: "ba rezo" da "ba caji". Na farko ya fi karɓuwa wajen garin Ɗan Isa, inda waya ke rarraba ƙafa tsakanin layin Nijar da na Najeriya, mutum ya ɗora wa duk ƙasar da ya ga dama laifi. Na biyu ya samu gaskiyarsa a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Wutar ta dawo, uzurin bai tafi ba.

Amsa tana da ƙa'ida: dole ta kai tsawon saƙon da ya jawo ta. Wanda aka aiko wa minti biyar ya mayar da "to" a rubuce, sai an kai ƙararsa wajen gwaggo, ita ma ta saƙon murya. Da haka wayoyi ke cika har su daina ɗaukar hoto. In an kai wa mai gyara, yakan fara da goge finafinai, sai waƙoƙi, sai hotunan bikin da ba a tuna na waye ba. In ya kai hannu kan muryoyin, mai waya ya riƙe masa hannu, don a ciki akwai inda wane ya yi alkawarin biya bayan kaka, kakar shekara uku da ta wuce.