Jirgi a Kwali: Shawarwari ga Wanda Ya Riga Ya Biya

 Duk wanda ya taɓa buɗe kwali mai hoton jirgin sama yana keta gajimare, ya tarar da rassan roba masu ruwan toka da takardar bayani mai harsuna barkatai babu Hausa a ciki, da shi nake. Yadda ake oda da yadda ake ɓoye rasit duk mun wuce wurin. Tambayar da ake jefo mini daga majalisar Tsauni har tashar Matamaye ita ce, wai abin ya ci kuɗinsa? Ga amsa daki-daki, gwargwadon yadda hawan jini ya bari.

Na ɗaya, kada ka yi lissafi a gaban iyali. Yuro ɗaya sefa 656 ne in aka cike ɗan guntun, kuma ba ya motsi, don haka kwalin yuro 60 ya tashi jika 39 da 'yan kai. Wannan kuɗin roba ne da hoton bayan kwali kawai. Mafi yawan kwalayen ba gam a ciki, ba fenti, ba buroshi, kuma ba ka sanin haka sai ka buɗe. Sannan ga kuɗin turowa, ga na abokin ɗan'uwanka da zai karɓa a Sabon Garin Kano, ga na direban da zai biyo da shi ta Daura da Kongolam da Ɗan Barto, wanda zai ɗora masa buhu biyu a kai saboda ka ce masa jirgi ne, shi kuma a saninsa jirgi ƙarfe ne. A wani shinge da ba zan faɗi sunansa ba, wani mai kaki ya girgiza nawa kwalin a kusa da kunnensa, ya dubi hoton, ya tambayi direba ko wannan ne mara matuƙin da ake faɗa. A wannan zamani ba tambayar wasa ba ce. Sai da aka kira ni a waya na rantse cewa ko an haɗa shi ba ya tashi.

"To in ba ya tashi, me ya sa ka saya, Malam?"

Ka tanadi amsar wannan tun yanzu, domin kowa zai yi maka ita, daga surukinka har almajirin gidanku.

Na biyu, ka fahimci lambar da ke jikin kwali. In an rubuta 1/72, an rage jirgin gaskiya sau 72 ke nan. Spitfire, jirgin yaƙin Ingila na yaƙin duniya na biyu, faɗin fukafukansa mita 11 ne da ɗan ɗori, a kwali sai ya dawo santimita 15 da rabi, tafin hannu ya ɗauke shi. Boeing 747 kuwa tsawonsa ya kai mita 70. Ko a ma'aunin 1/144 ya kusa rabin mita, a 1/72 kuma sai ka nemo masa ɗaki. Ka ɗauki ƙarami. Shawarar ke nan, ta ƙare.

Amma tun da an ambaci Spitfire, bari in yi ƙorafi. Ka buɗe jerin kayan manyan kamfanonin nan, Airfix na Ingila da ke wannan sana'a tun shekarun 1950, Heller na Faransa da aka kafa a 1957, Revell, Tamiya na Shizuwoka a Japan, abin da zai fara cika maka ido jiragen yaƙi ne: Spitfire, Messerschmitt, Mustang, Zero, sannan Spitfire kuma da wani fenti. Su dai suna da hujja, kakanninsu ne suka harbi juna a ciki. Mu a nan jirgin da ke da daraja a idon jama'a shi ne jirgin alhazai. In kuma tarihi ake so, muna da Air Afrique, wanda ƙasashenmu suka haɗu suka kafa a 1961, Nijar na ciki, ya durƙushe a 2002. Muna da jiragen DH.9A guda uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, karon farko da jirgi ya taɓa ƙasar garin. Waɗannan ne mutum zai ajiye a ɗaki tsofaffi su zauna su ba da labari. Kawuna ya ɗauki nawa jirgin, ya leƙa ciki da ido ɗaya, ya ce, "Yaro, wannan kujera nawa gare shi?" Na ce ɗaya ce, Kawu. Ya ce, "To Hajiya fa, a ƙasa za ta bi ka?" Ya ajiye, ya nemi buta.

Na uku, gam. Wanda aka yi don wannan aiki yana ɗan narkar da robar ne, gefe biyu su haɗe su zama abu ɗaya. Na zaga Kasuwar Dole a Damagaram ina kwatanta shi da hannu, kowane mai shago ya saurare ni da ladabi ya miƙo mini supagulu. To za ka yi amfani da supagulu, kowa da shi ya ƙare. Ka sani tururinsa yana mayar da gilashin matuƙi fari fat, ta yadda ko da akwai matuƙin ba zai ga hanya ba. Ka kuma sani ya fi son fatar mutum a kan roba. Fiffike zai faɗi, yatsunka biyu za su zama ɗaya.

Nan ne maganar ta bar hannun masu jirgi ta koma hannun malamai. Gam ya bushe a yatsa, ruwa ba ya ratsa shi, ga la'asar ta gabato. Ina alwala? Ka murza da ruwan ɗumi da sabulu, ka kankare da dutse, ka sa haƙori, har yanzu akwai saura yana ƙyalli. Dole ka je wurin liman. Ka gaishe shi, ka ce, "Allah gafarta Malam, mutum ne gam ya kama masa yatsa." Zai ce ka yi ƙoƙari ka cire, sannan zai yi tambayar da kake tsoro: garin yaya? In ka ce takalmi kake gyarawa ka yi ƙarya a ƙofar masallaci. In ka ce jirgin sama kake haɗawa, kafin isha'i duk unguwa ta ji, gobe kuma sunanka Direban Sama har ka mutu. Maganin da matan birni ke goge jan farce da shi yana cire gam ɗin, amma shiga shago ka tambaye shi da gemunka wata fitina ce daban, ba ni da shawara a kanta.

Na huɗu, fenti, wato ka zaɓi lokacin da babu ƙura. Na duba shekara daga farko har ƙarshe. Da hunturu ka shafa fenti mai sheƙi ka juya ka ɗauko shayi, ka dawo ka tarar da jirgi ya yi furfura. Da bazara fentin yana bushewa a kan buroshi tun bai isa fiffike ba, gumi kuma yana ɗiga daga hancinka daidai inda ka gama. Da damina kana gona, da dare kuma duk ƙwaron da ke tsakanin nan da Kance zai zo wurin fitila ya kwanta a kan ɗanyen fenti. Da kaka ga gero ga gyaɗa, in aka gan ka zaune da ɗan buroshi sai a tambayi iyalinka ko lafiya. Ɗan gwangwanin fentin nan na Humbrol mililita 14 ne kacal, takardar kuma za ta nemi kala shida, uku daga ciki duk kore ne. Masu abin a Turai da Japan feshi suke yi da ɗan inji mai iska, wanda ke son wuta tsayayya da ɗakin da ba a shigowa. Inji mai iskan da na sani a kusa na mai faci ne a bakin hanya, in kuwa aka nufi jirginka da shi, a ranar zai tashi.

Na biyar, tambarin da ake liƙawa. A tsoma cikin ruwa, a jira, a zame shi a hankali. Zai yage. Mu wuce.

Na shida, ko na bakwai ne, guntaye. Akwai wasu da ba su kai ƙwayar shinkafa ba, da hantsaki ake ɗaukarsu, hantsaki kuma yana da ɗabi'ar harba su sama. Bature in nasa ya faɗi, a kan darduma yake nema, yana kuka. Mu tsakar gida yashi ne, kuma akwai kaji. Ina kallo wata kaza ta haɗiye sandar tuƙin jirgina, ta dube ni, ta ci gaba da kiwo. An ce wasu kamfanoni suna aiko da madadin abin da ya ɓace in ka rubuta musu. Ka rubuta. Ka bayyana musu kaza. Ka ba su adireshin gidanka: bayan masallaci, kusa da bishiyar gawo, a tambayi Direban Sama.

A nan ne maganar tsada take, don haka a saurara. Bambancin kwali mai araha da mai tsada gaskiya ne. Mai tsada an sassaƙa mazubin ƙarfen da ake zuba robar a ciki da kyau, layukan jikin jirgi sun fito siriri, wuraren ƙusa sun fito ɗaya bayan ɗaya, kuma in ka haɗa ɓari biyu na gangar jiki sai su zauna daram ba rata. Wannan lokaci yana da daɗi, ba zan ɓoye ba. Mutum yakan ji kamar ya iya wani abu. Mai araha, musamman tsohon zubi, sai ka yi ta kankara da cike rami. Amma me kuma ake sayar maka da ƙarin kuɗin? Guntaye ɗari biyu, ɗari uku, har da siraran tagulla na ɗamarar kujera da agogunan gaban matuƙi da wayoyin inji. Ka kwana kana fenta su da tsinken sakace, sannan takarda ta ce ka rufe gangar jiki a kansu. Shi ke nan, ba mai sake ganinsu sai ranar da jirgin ya faɗo ya fashe. Rabin kuɗinka yana cikin duhu, kai kaɗai ka san yana nan. Wanda ke da ɗaki mai ƙofar gilashi da wutar da ba ta ɗaukewa da 'ya'yan da suka yi aure, ya saya, halalinsa. Mai zaune a gidan yawa ya ɗauki ƙaramin 1/72 mai guntaye talatin ko arba'in, ya ji daɗin da za a ji, ya yi asarar da zai iya ɗauka. Kowa ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa.

Lamba ta ɓace mini, kuma ban damu ba, domin abin da zan faɗa yanzu ba shawara ba ce. Ku fita bayan gari da kaka, bayan an girbe dawa. Za ku tarar da yara zaune a gindin bishiya da tsohuwar reza. Su fere bawon kara su yi siraran ƙusoshi da shi, su yanka totuwa su yi gangar jiki, su soke, su haɗa. Taya daga tsohon silifas, farfela daga gwangwanin tumatir, gatari daga waya. Ba takarda, ba ma'auni, ba gam. Yawancinsu ba su taɓa ganin jirgi a ƙasa ba, sai ɗan farin layi a sama da abin da suka leƙa a wayar yayyensu, amma fiffike biyu sun daidaita, wutsiya ta tsaya, kuma in yaro ya ruga da shi farfela tana juyawa. Nawa na jika 39 farfelarsa a manne take da supagulu.

Kuma me muke yi wa irin wannan yaro? Mu daka masa tsawa ya bar shiririta, mu tattake abin a hanyar shiga gida, ya girma ya tafi ci-rani Kano ko Aljeriya, hannun da ya iya wannan aiki ya ƙare a tura baro. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ta Kano, Mubarak Muhammad Abdullahi, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen motoci da injin Honda Civic, har ya ɗaga daga ƙasa, jaridun duniya suka ɗauka. Irinsa ba daga sama suke faɗowa ba, daga gindin bishiyar nan suke. Ba a ce a kawo musu kwalin Japan ba. Ɗaki ɗaya a lekol, da teburi da almakashin ƙarfe da filaya da malamin da ba zai kira abin wasa ba, nawa zai ci? Ana samun kuɗin kujerun roba da rumfa duk lokacin da babban baƙo zai zo. Abin yana ci mini rai ƙwarai, kuma ya fi ci mini rai in na tuna ni ma kuɗina Turai na aika.

To, a koma kan jirgi. Wurin ajiya. Kada ka nemi gurbi a jeren kwanukan uwargida, na nema, ta ce, "Malam, in jirgi ne ya nemi filin jirgi, akwai a Damagaram." Kada ka ɗora a kan akwati, yara. Kada ka sa a taga, akuya. Ka rataye shi da zare a azara, inda zanzaro zai gano ramin injin ya cika shi da laka cikin kwana kaɗan, ya kuma yi aikin da tsabta fiye da duk wanda ka yi.

Sauran guntayen da suka ɓace kuwa an samu mafita. Ɗan maƙwabcina, wanda bai gama firamare ba, ya dubi hoton kwalin, ya dubi ramin da sandar tuƙi ya kamata ta shiga, ya fere ƙayar aduwa ya soka, ta zauna. Ya karɓi dala ashirin. Na nuna masa tayar baya da ita ma ta bi kaza, ya juya jirgin sama da ƙasa, ya ce, "Baba, wannan dala talatin ce, silifas ya yi tsada, kuma sai jibi don ina da aikin wasu a gaba."