Malam Dubu Biyu

A ƙarshen 1999, duk layinmu a Kano babu wanda hannunsa ya taɓa sauka a kan kwamfuta sai ni. Ita ma ba tawa ba ce, ta mai shagon buga takardun da nake yi wa aiki ce a Sabon Gari, kuma iyakar abin da na iya da ita shi ne buga takardar neman aiki da katin ɗaurin aure. Amma a majalisa Injiniya ake ce mini, ni kuma ban taɓa musawa ba.

Sai ga maganar Y2K ta cika rediyo. Asalin matsalar gaskiya ce. Masu rubuta manhajar kwamfuta a shekarun 1960 da 1970 sun yi tsumulmular wurin adana bayanai, domin tsada yake yi a lokacin, sai suka riƙa rubuta shekara da lamba biyu, 75 a maimakon 1975. To idan 99 ta juya ta koma 00, ana tsoron kwamfuta ta ɗauka an koma 1900, lissafin banki ya rikice, tashoshin lantarki su tsaya, jiragen sama su ruɗe. Amurka kaɗai ta kashe wajen dala biliyan 100 a kan gyara. Ni abin da na kashe bakina ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi: abin da rediyo ya ce mai yiwuwa ne, kafin ya iso majalisarmu na mayar da shi tabbas, har da jirage suna zubowa ƙasa.

Wanda ya fara shiga tarkona Kawu ne, mai sayar da yadi a Kantin Kwari. Bayan an sha ruwa ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Kai ɗan nan, kuɗina na banki fa?"

Na ce, "Allah ya ja kwana, Kawu, ranar Asabar kwamfuta za ta ce ba a ma haife ku ba, balle ku buɗe asusu."

Kafin mako ya fita ya kwashe kuɗinsa kaf, yawanci sababbin 'yan naira ɗari masu hoton Awolowo da aka fito da su a watan nan, ya ɗura a buhu ya tura ƙarƙashin gado. Goman ƙarshe na azumi ne, mutumin da bai taɓa fashin tahajjudi ba, sai ga shi a ɗaki yana gadin buhu da gora a hannu.

Ni ma na yi nawa shirin. Kuɗin ɗinkin sallata na kwasa na sayo kyandir katan guda, da garin kwaki, da sukari, da batir, da kananzir. Inna na zaune a tabarma tana kallona ina jera kaya, har na gama ba ta ce uffan ba. Can ta ce:

"Wai ni wace wutar ce za ta ɗauke? Wadda rabonmu da ita tun farkon azumi?"

Na ce har ruwan famfo zai tsaya.

"Ruwanmu ai ɗan garuwa ke kawowa. Ko shi ma an sa masa kwamfutar ne?"

Na ce mata abin na ilimi ne, ba za ta gane ba. Ta ce Allah ya ƙara basira.

Ranar 31 ga Disamba Juma'a ce. New Zealand ta riga mu shiga sabuwar shekara da sa'a goma sha biyu, saboda haka kafin a sauko daga masallaci labari ya zo cewa can lafiya lau. Birnin Sidni ya bi baya, wasan wuta kawai suke yi. Na ce Turawa ne suke rufa wa kansu asiri. Da yamma rediyo ya ce Boris Yeltsin ya sauka daga mulkin Rasha ya miƙa wa firaministansa, wani wai shi Putin. Na murɗa tasha, ina cewa ana maganar duniya za ta tsaya su suna kawo mana ƙananan labarai. A ranar ce kuma Amurka ta miƙa wa Panama mashigin ruwanta. Wannan ma sai daga baya na ji.

Bayan asham jama'a suka taru a ƙofar gidanmu, sanyin hunturu na kaɗawa, kowa ya duƙunƙune cikin mayafi. Na zauna a tsakiya, agogo a hannu, rediyo a cinya, kyandir a gefe ban kunna ba tukuna, don kada a ce na yi almubazzaranci kafin masifa ta sauka. Saura minti ɗaya na miƙe tsaye na ce kowa ya yi ta salati. Sha biyu ta buga. Shiru. Wani ya yi tari. Muna nan zuru-zuru sai ƙwan ƙofar gidan maƙwabci, wanda gizo-gizo ya daɗe da yi wa saƙa, ya yi ƙyaf-ƙyaf ya kama. Yara suka kwasa da gudu suna ihun "An kawo wuta!" Har sahur ba ta ko ƙifta ba.

Mai shayin bakin layi ne ya raɗa mini Malam Dubu Biyu a daren, kuma shi ne ya saye kyandir ɗina a rabin kuɗi.

Ranar Litinin na ɗan samu sa'ida. Da na kunna tsohuwar kwamfutar shagonmu sai ta nuna 1980. Na yi tsalle na ce ga shi, ai na faɗa! Yaron maigida, ɗan sakandare, ya leƙo ya danna wuri biyu, kwanan wata ya daidaita, ya koma cin gaba da share shago. Har gobe ina nan a kan cewa dubban masu manhaja da suka shekara suna bin layin lissafi ɗaya bayan ɗaya su ne suka hana abin faruwa, sai dai a layinmu babu mai sauraron wannan bayani daga bakina.

Na je Idi da kaftanin bara, hannu ya ɗage. Kawu ya mayar da kuɗinsa banki, ni ya ɗora wa buhun a ka, ya sa ni gaba har gaban kanta, yana gaya wa duk wanda muka haɗu da shi a hanya ko wane ne ya ba shi shawara.

Kwanaki na karanta cewa wasu tsofaffin kwamfutoci agogonsu zai cika ya juye ranar 19 ga Janairun 2038. Na gyara zama na fara yi wa uwargida bayani. Ban kai ƙarshe ba ta miƙa hannu ta ce in ba ta katin bankina ta riƙe.