Gangar da Ta Kashe Min Aure

Jiya a Landan 'yata ta ce in raka jikata, amaryata 'yar shekara bakwai, ajin rawar bale. Mai piyano ba ta zo ba, sai aka kunna lasifika. Malamar ta nemi wanda zai riƙa buga ƙaramar ganga don yara su ji inda za su sa ƙafa. Ta dubi babbar rigata ta yi murmushi. Ni kuwa da na tashi a unguwar mahauta, inda kalangu ke tashin mutum daga barci, na karɓa ba gardama.

Kiɗan na Caikofski ne, rawar furanni ta cikin wasan bale na Nutcracker da aka fara nunawa a Rasha a 1892. Bugunsa uku-uku ne, na farko ke da nauyi. A kansa yara ke ɗan ranƙwasa gwiwa, a na biyu da na uku su ɗago bisa yatsun ƙafa. Hannuna ya ce bai san wannan zance ba, shi huɗu ya iya.

Sai aji ya rabu biyu. Rabi suka bi Caikofski, rabi suka bi ni, saboda na fi shi ƙara. Wata tsohuwa da ke saƙa a gefena ta matso ta raɗa min, “Rufe idonka, kiɗan zai shigo da kansa.”

Na rufe. Wallahi na ji daɗi! Har kafaɗa ta fara motsi. Ashe malama na ta ɗaga min hannu, ashe masu dama sun yi karo da masu hagu, ashe an kashe lasifika. Ni kaɗai nake ta dukan fata. Da kunnena ya ji kamar wurin ya yi tsit, sai na rufe da salon makaɗa: kwam, kwam, kwam! Na buɗe ido ina jiran tafi.

Yara na zube a ƙasa kamar an zazzage buhun albasa. Wata na neman takalminta, wata na kuka. Iyaye sun ɗaga waya. Hannuna na sama, sandar kiɗa a ciki, haƙorana duk a waje. Wannan hannun ne ya hana ni barci. Ya ƙi sauka. In na tuna kwam ɗin ƙarshe sai in ja bargo.

Tsohuwa ba ta ko ajiye saƙarta ba. Ta dube ni da tausayi ta ce, “Ina ganin hular ce ke danne maka kunne. Gwada cire ta.” Hular da ko kusa da kunne ba ta kai ba! Ta ƙara da cewa mijinta ma haka yake, amma ayaba ta taimaka masa.

A mota amarya ta harɗe hannu ta ce, “Kaka, ni na fasa auren.” Asabar mai zuwa kakarta ce za ta kai ta.