Hancin Bakanike

Bajaj Boxer ɗin 'yan kabu-kabun unguwar Gesse da ke Birnin Kebbi ba shi da lagireto. Iska ce ke sanyaya shi ta haƙarƙarin ƙarfen da ke jikin injin. To, a watan Afrilu iskar Birnin Kebbi ita ma fifita take nema. Ga busasshiyar laka ta toshe haƙarƙarin, ga buhun shinkafa biyu tun daga Argungu, baƙin mai kuwa rabonsa da canji tun babbar sallah.

Injin da ya sha irin wannan wahala kuwa sai ya yi wari, shi ya sa bakanike da hanci yake fara aiki. In ya ji warin fetur, ya leƙa kafireto. Ƙaurin roba ne mai tada hankali: a kwance nan, a laluba wayoyi can, ashe ledar fiya wata ce ta narke a jikin salansa. Kuɗin aiki dai sai an biya, har da na shinshinawa.